Ku Tambayi Mai Gyara: Robobin ƙasan laftof sun fita, da mi za a maye su?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da war haka, ya muka ji da zafin nan? Wanga karo saƙonni sun taru, kuma abin dariya huɗu daga ciki duk kan abu guda suke, wato ƴan robobin nan na ƙarƙashin laftof waɗanda ba mai tuna da su sai ranar da sunka ɓace. Na haɗa su wuri guda, masu tsawo na rage musu, ku yi min haƙuri.

Tambaya: Salam Malam ina wuni ya aiki. Ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ina shekara ta ukku, ina da ordinata HP okaziyo da yayana ya sawo min daga Kano, to ƴan ƙahwahun roban da ke ƙasanta biyu sun hita ban ma san inda sunka hwaɗi ba, yanzu in ina rubutu sai ta dinga rawa kamar teburin mai shayi kuma tana zamewa, ƙawata ta ce in samu wani abu in manna da super glue amma ni ina tsoro don memuwar ɗina, wato rubutun kammala karatuna, duk tana ciki. Mi ya kamata in yi dan Allah? Daga ƙanwarka a unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kafin mu je ga roba, yau ɗin nan ki kwafe memuwar ki a kile, wato ɗan abin ajiyar nan na USB, ki kuma tura ma kanki ita ta imel, wannan ba ruwanshi da ƙafa, ni dai na ga ɗalibai da yawa suna kuka a shagona ne shi ya sa ba ni iya yin shiru.

Tsoron da kike ji yana kan hanya, kada ki bi shawarar ƙawarki, zan gaya miki dalili amma bari mu fara da mi robobin nan ke yi tukun, don mutane sun ɗauka ado ne. Ki kifa na'urar ki duba ƙasanta za ki ga ƴan ramuka a jere kamar rariya. Yawancin laftof ta nan suke shaƙar iska, fanka ta ja ta, ta bi ta kan ƙarfen da ke kwashe zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sannan ta fita ta gefe ko ta baya wajen mahaɗin murfi. Ƙafafun su ne ke ɗaga na'urar daga tebur, ɗan tazarar da bai wuce milimita biyu ko uku ba, amma ta wannan ɗan tazarar take numfashi. In sun fita ta kwanta da ciki bisa tebur, kamar mutum ne ya kifa fuska kan filo. Mu da ke Maradi inda a watan 4 da na 5 zafi ke wuce digiri 40, iskar da fankar ke ja ma da zafinta take zuwa, to ina ga an toshe mata hanci. Bayan haka robar ce ke riƙe ta kada ta zame, kuma in taki mai tsohon faifan ajiya ce, HDD, wanda ke juyawa sau 5400 a minti guda, wannan rawar da kika ce tana yi ba alheri ba ce gare shi, don allurar da ke karanta shi dab da faifan take shawagi, ba ta son girgiza ko kaɗan. In SSD ce ke ciki, wato sabuwar ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, wannan damuwar ba taki ba ce.

Kuma ba laifinki ba ne da sunka fita. Da ɗan siririn gam anka manna su tun daga kamfani, irin na sikoc, zafi na sa shi laushi, sannan kullum ana tura na'urar cikin jaka ana zaro ta, a hau kabu-kabu da ita a sauka, a hankali robar ta riƙa gocewa har wata rana ta tafi. Ki zazzage jakar da kyau, ki laluba kusurwoyinta, sau da yawa suna nan ciki sun manne da ƙura da ɓawon gyaɗa. In kin same su kin huta, don babu wadda ta kai ta asali dacewa da gurbinta.

In ba ki same su ba, wuri na farko shi ne wajen masu gyaran ordinata, kusan kowa na da matattun na'urori da yake ciran kaya jikinsu, ki je da taki a gwada. Ana kuma sayar da robobi masu gam a jiki, zagayayyu, a jere kan takarda, irin waɗanda ake sa ma ƙofar kabad da teburin gilashi, wani lokaci ana dacewa da su wajen masu kayan gini ko masu kayan waya, su ma suna yi in kaurinsu ya zo daidai. In duk babu, ki je wajen mai faci ki roƙi guntun tsohon cub na moto, ba na keke ba, na keke ya cika siriri. Ni shi na fi amfani da shi walle, baƙi ne, ba ya zamewa, zafi bai dame shi ba, kuma kyauta za a ba ki in kin gaida mutum da kyau. Ki wanke shi da omo ya bushe, ki ɗan kankare gefen da za ki manna da samfefa kamar yadda masu faci ke yi, sai ki ɗora takarda kan gurbin ki danna da farce ta fitar da siffarshi, ki yanka robar daidai da haka da almakashi. Tsohon abin ɗora maus ma yana yi. Silifas ban cika so ba, soso ne, bayan wata guda ya lotsa kin koma gidan jiya.

Inda mutane ke kuskure shi ne tsawo. Dole sababbin su zo daidai da biyun da sunka rage, in ba haka ba rawar tana nan sai ma abin da ya ƙaru. Ga wata dabara, katin banki ko katin da ake ɓallo sim daga jikinshi kaurinshi milimita 0.76 ne, ki jera su gefen tsohuwar ƙafar ki ga kati nawa ta kai, biyu ko uku, sai ki auna sabuwar da su bayan kin zaunar da ita cikin gurbi ba tare da gam ba. In cub ɗaya bai kai ba ki haɗa biyu. In kin ga abin na ba ki wahala, ki cire duka huɗun ki yi sababbi daga roba guda, amma ki lura a wasu na'urorin na baya sun fi na gaba tsawo, da gangan anka yi haka don iska.

Sai wanke gurbi, kuma nan ne rabin aikin yake, gam ba ya kama datti. Ki kashe na'urar ki cire caja, ki kankare tsohon gam da farce ko gefen kati, kada ki sa reza, sannan ki goge da alkol na farmasi a ɗan tsumma, ki bari ya bushe. Kada ki kusantar da esansi ko tina ko ruwan nan da kuke goge jan farce da shi, yana da asiton, yana cin irin robar da ake jikin laftof da ita, wurin ya yi fari ya yi taushi kuma ba ya komawa. Alkol ɗin ma ki kiyaye kada ya bi ta kan takardar da ke ɗauke da lambar na'ura don yana iya goge rubutun.

Gam kuma iri biyu nake ba da shawara. Na farko sikoc mai manne gaba da baya, siriri mai ƙarfi irin wanda masu gyaran waya ke manna gilashi da shi, ki yanka daidai robar, ki danna da babban yatsa kamar daƙiƙa 30. Kamfanin 3M da ke yin wani sananne mai suna VHB sun ce bayan minti 20 rabin ƙarfinshi kawai ya kama, sai ya yi awa 72 yake cika, to kin ga ba a manna wa a jefa cikin jaka a ruga lakca. Ki yi aikin da dare, ki aje ta kan ƙafafunta bisa tebur ta kwana, nauyinta ya danne. Na biyu shi ne kol ɗin masu gyaran takalmi, mai ruwan ɗorawa da wari, shi ne abokin cub. Ki shafa kaɗan da tsinken sakace a jikin robar da cikin gurbin, ki bari kamar minti 10 har in kin taɓa ba ya bin yatsa, sannan ki haɗa su, ki saita da kyau don in ya kama ba ya ba da damar gyara. Akwai kuma B-7000 na masu waya, shi ma yana yi, sai dai yana son kwana guda cur kafin ya bushe.

To super glue fa? In ya bushe ƙanƙara yake zama, ba ya lanƙwasa, roba kuwa kullum cikin motsi take, sai ki ga bayan sati biyu ƙafar ta sake fita ta bar miki dutse cikin gurbi wanda ba ya kankaruwa. Yana barin farin tabo kewaye da wurin. In ƙafar ta silikon ce ma ba ya kama ta sam. Kuma ruwa ne tsululu, yana bin duk ramin da ya samu, ga shi a na'urori da yawa akwai bis, wato sukuru, ɓoye ƙarƙashin ƙafar. Ni kaina farkon koyon aikina na yi wannan wautar da laftof ɗin wani aminina, na cika gurbin da shi ina jin na burge, bayan wata uku fankarshi ta fara ƙara ya kawo in buɗe, kan bis ɗin ya cike turnabis ba ta da wurin shiga, sai da na huda marfin ƙasan kafin ya buɗu, har yau in mun haɗu wajen biki sai ya tuna min. Don haka ko da kol mai kyau ne, in kin ga bis cikin gurbin ki shafa a gefe-gefe ki bar kanshi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da fotokopi kusa da babbar kasuwa. Tawa ba ƴan ƙanana gare ta ba, dogayen robobi biyu ne daga gefe zuwa gefe. Na kai ta wajen wani mai gyara ya canza min kilabiye, wato wurin danna haruffa, da ya maido ta sai na ga robar baya ta yi tsawo ta fi gurbinta tana reto, na cire ta na yar. Tun daga nan in rana ta take sai fanka ta dinga kuka kamar injin markaɗe, na'urar ta yi nauyi, wani lokaci ta mutu da kanta ina tsakiyar aikin mutane. Mutumin ya ce in kawo jika goma sha biyar a canza fanka. Gaskiya ne ko cuta ta zai yi?

Amsa: Alhaji barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. Ba zan ce cuta ba ne tunda ban ga na'urar ba, amma kada ka ba da kuɗin tukun. Fankar da ke kuka da ƙarfi tana aiki ne, wahala take sha, wadda ta lalace ko dai ta yi shiru gaba ɗaya ko ka ji tana ƙarar gurzawa kamar akwai tsakuwa ciki. Nauyin da kake ji kuma furosesa ce ke kare kanta, in zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta, in hakan bai isa ba ta kashe na'urar. Ka sa wata ƴar manhaja ta kyauta, HWMonitor ko Core Temp, za ta nuna maka zafin. In ba ka aikin komai ya kamata ka gan shi wajen 40 zuwa 60, in kana ganin 80 alhali takarda kawai kake bugawa to akwai magana.

Gwajin da ba ya cin ko dala shi ne ka samu marafan robar ruwa guda biyu ka sa ƙarƙashin kusurwoyin baya, ka yi aikinka na yini, ka ga ko kukan ya ragu. In ya ragu sosai ka gano ɓarawon. Robar baya da ka yar ita ce babba a irin waɗannan na'urorin, tana ɗaga su, kuma a wasu tana zama kamar katanga tsakanin inda iska mai sanyi ke shiga da inda mai zafi ke fita, in babu ita sai na'urar ta riƙa shaƙar zafin da ta fitar yanzu.

Shi mai gyaran dole ce ta sa ya ɓanɓare ta, don a yawancin HP masu dogon roba bis ɗin a ƙasanta suke, kuskurenshi ja da ya yi da ƙarfi, irin wagga roba in anka ja ta kamar danƙo ta miƙe ke nan. Da ya ɗan ɗumama ta ya bi ta sannu da abu mai faɗi da ba ta yi haka ba. Kuma da ba ka yar ba da sai mu rage tsawon da reza mu maida ta, ga masu karatu da tasu ke reto yanzu, kun ji. Kai kuwa yanzu ka yanko dogon cub daidai faɗin gurbin, ka sa ruwula ka yanka a miƙe, ka manna da sikoc mai manne gaba da baya, ban ce kol ba a nan saboda wata rana za a sake buɗe ta. In dogon ya gagara, guntaye uku ma sun fi babu, biyu a gefe ɗaya a tsakiya.

Amma fa Alhaji shagonka bakin kasuwa yake, ga ƙurar motoci ga ta hunturun da ya wuce, ina da tabbacin akwai wani abu kamar bargo da ya taru tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke bi ta fita. In marafan ba su kawo sauƙi sosai ba, abin da za ka biya shi ne a buɗe a share, a canza man nan mai ruwan toka da ke kan furosesa, wannan bai kai kuɗin fanka ba ko kusa. Ka tsaya a yi a gabanka. Sannan in akwai leda ko darduma shimfiɗe kan teburin ka cire ta daga ƙarƙashin na'urar, katako tsirara ko gilashi take so.

Tambaya: Ɗana, ni tsohon mushe ne na yi ritaya, ina Ali Ɗan Sofo. Laftof ɗina ƙafafunta huɗu duk suna nan, ɗaya ce ta fita jikana ya maida ta, amma har yanzu ba ta zama daidai, tana juyawa kamar ƙwarya, kuma wurin da ake jan yatsa ya taso ba ya dannuwa. In ƙara mata roba ne?

Amsa: Baba ina wuni, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A'a, kada a ƙara komai, kuma don Allah ku cire ta daga caja yanzu ku kashe ta. Wannan da kunka kwatanta ba matsalar ƙafa ba ce, alamar batir ne ya kumbura. Batir ɗin litiyom in ya tsufa, ko ya daɗe cikin zafi kullum a jone da wuta, yana tara iska a ciki ya taso kamar fanke, ya tura marfin ƙasa waje shi ya sa take juyawa kan cikinta, ya kuma tura wurin jan yatsan sama tunda a yawancin na'urori ƙarƙashinshi yake kwance. Ku sa jikan naku ya duba gefenta, zai iya ganin inda marfin ya fara buɗe baki.

Abin da ya sa na ɗaga murya, irin wanga batir in anka huda shi ko anka matsa shi yana iya kamawa da wuta. Kada a danna don ya koma, kada yaro ya sa allura wai ya sace iskar, kada a bar ta cikin ɗakin kwana ko cikin mota a rana. A aje ta kan siminti nesa da katifa da labule, gobe a kai ma mai gyara ya cire shi. Yawancin laftof suna aiki da caja kaɗai ba batir kafin a samu wani, illa dai in an ɗauke wuta za ta mutu nan take, sai ku riƙa adana rubutunku akai-akai. Tsohon batir ɗin kuma kada a jefa shi bola, kun san yadda ake cinna ma bola wuta a unguwanninmu, ku bar shi wajen mai gyaran. Sau da yawa in an cire shi marfin na komawa daidai ta zauna da ƙafafunta.

Tambaya: Malam ni baduku ne a Bagalam, ƙanena ya kawo min tashi in yi mata ƙafa, ina da guntayen fata da yawa, in yi da su?

Amsa: Sannu da aiki maigida. Fatar jar akuyarmu ta Maradi duniya ta san ta, amma a nan roba ta fi ta, fata na zamewa kan tebur mai santsi kuma tana shan mai da gumi har gam ya saki. Sai dai kai ka fi mu kayan aiki, wannan ƙarfen da kake huda fata da shi yana fitar da zagayayyar roba tsaf wadda almakashinmu ba ya iyawa, kuma kol ɗin ma kana da shi a gabanka. Ka samo cub ko siririn roban da kuke sa ma ƙasan takalmi, ka huda huɗu kauri ɗaya. Abu guda za ka kiyaye, in laftof ɗin ƙirar ThinkPad ce irin ta da, akwai wasu ƴan ramuka a ƙasanta da anka yi don in ruwa ya zube kan kilabiye ya tsiyaye ta nan, galibi da ɗan hoton ɗigon ruwa a gefensu, ba gurbin ƙafa ba ne, kada ka toshe su.